Karfasa, ragon ruwa ko giwan ruwa: wanne ya fi daɗi a baki?

Malam Sabo Tiga:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu tattauna tunda nan muna da masunta da masu soya kifi da masu ci kawai. Ni dai a ganina duk kifin da ke kogunanmu da dam-dam ɗinmu babu wanda ya kai karfasa daɗi, kuma ba ƙatuwar nake nufi ba, madaidaiciya mai girman tafin hannu wadda uku ko huɗu ke shiga kasko ɗaya. A kamo ta da fatsa da safe, a kankare a tsattsaga gefenta a shafa gishiri da ɗan yaji a jefa a man gyaɗa mai zafi kafin rana ta ɗaga, wallahi namanta zaƙi gare shi kuma jelar da ƙayar gefe duk ƙurus-ƙurus suke ana haɗawa a tauna. Mutane sai rububin babban kifi suke ana zuba kuɗi, ni kuwa na fi ganin daɗin yana wajen ƙananan nan da ake rainawa. Wanda yake da ja bismillah.

Bakabe Ɗan Matan Fada:
Wa alaikumus salam Malam Sabo. Ni kam ina da ja. Karfasa kifi ce mai kyau ba mu musu, amma a gaban giwan ruwa? Haba dai. Mu da munka tashi bakin gulbi mun san abin da muka ci, giwan ruwa tsoka ce zalla fara tas, ba ƙananan ƙayoyi da za su hana ka sakewa, ka yanka shi gunduwa-gunduwa ka gasa ko ka yi farfesu duk shina tsayawa bai wargajewa. Tun 1934 da anka fara bikin su na Argungu shi ne kifin da aka cin gasa da shi, a 2005 wanda ya ci na ɗaya kilo 75 ya yi. Ba banza anka ce mai giwa ba.

Malam Sabo Tiga:
To ai ka ga abin da nake faɗa kenan Bakabe. A Matan Fada, inda ake gasar ta Argungu, sikeli ne alƙali ba harshe ba. Ka faɗa min tsakani da Allah, giwan ruwa mai kilo 70 da mai kilo 3 wanne za ka kai wa iyali?

Bakabe Ɗan Matan Fada:
Nan kam ka yi gaskiya, mai kilo biyu zuwa biyar ya fi taushi, babban namanshi ya kan yi tauri ga kitse. Amma ko ƙaramin ne dai giwan ruwa na, bai koma karfasa ba.

Hajiya Mai Kifi Haɗeja:
Ku maza kuna ta magana a kan kamu, mu da muke tsaye gaban kasko tun la'asar har bayan isha mu muka san abin da mutane ke dawowa nema. Ragon ruwa ne. In na soya ragon ruwa da karfasa da tarwaɗa na jera a tire, ragon ruwa ke fara ƙarewa duk da shi ne mai tsada, saboda ba shi da ɓawo ba shi da ƙaya sai ta tsakiya, ga maiƙo daidai ba mai ginsa ba, tsoho ya ci yaro ya ci hankalinka kwance. Karfasa kuwa Malam Sabo daɗinta na awa ɗaya ne, in ta huce ta bushe sai ka ga mai saye yana jujjuya ta yana ajiyewa. Kuma ni ba na ba yaro ɗan shekara uku karfasa sai na zauna na cire masa ƙayar da hannuna.

Malam Sabo Tiga:
Hajiya Allah ya ƙara kasuwa. Maganar hucewa gaskiya ce, shi ya sa na ce a ci da zafinta. Amma ragon ruwa a soye ni ban cika jin ƙamshinsa ba, a farfesu ne yake nuna kansa.

Hajiya Mai Kifi Haɗeja:
Amin. To ka zo Haɗeja da kaka lokacin da ruwa ya fara janyewa daga fadama ka ci na soye ka ba da labari. Lokacin kifi ya gama kiwo cikin ciyawa da gonakin shinkafa ya yi ƙiba, ko tarwaɗa ka yanka sai ka ga kitse rawaya a cikinta. Na bazara kuwa duk ramammu ne ga warin taɓo. Ko da yake yanzu ma ambaliyar ba kamar da ba, iyayenmu suna faɗa tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974 daga baya aka ƙara da Challawa fadamar ta ragu, ga kachalla ta cinye hanyoyin ruwa daga nan har Nguru, kwale-kwale ma da ƙyar yake ratsawa a wasu wuraren.

Abba Injiniya:
Ni tambaya gare ni don Allah, me ke sa wata karfasar ɗanɗanon ƙasa? Ranar nan na sayo a Kano manya masu kyau aka soya, amma kana kaiwa baki sai ka ji warin taɓo, yara duk suka ƙi ci. An wanke da lemon tsami fa sosai.

Dakta Ummi:
Abba ba laifin wanki ba ne. Ruwan da ba ya gudu, musamman kududdufi da tafki lokacin zafi, gansakuka na yawa a ciki kuma tana fitar da wani sinadari da ake kira jiyosmin, shi ne dai mai ba da ƙamshin nan na ƙasa in an yi ruwan farko. Kifi na shaƙarsa ta wajen numfashinsa ya taru a kitse da ƙarƙashin fata, don haka ko ka wanke waje yana nan cikin tsoka. Karfasa da tarwaɗa sun fi ɗauka. Ba ya cutarwa, daɗin ne kawai yake ɓatawa. In kifin da rai ka samu ka sa shi a ruwa mai tsafta wasu kwanaki kana canzawa ba abinci, yana fita. In kuma matacce ne to ka kankare baƙin nan na cikin ciki tas, ka cire kitsen, ka jiƙa da lemon tsami ko tsamiya, zai ragu amma ba zai tafi duka ba.

Malam Sabo Tiga:
Madalla Dakta. Wannan shi ne rabin maganata ma, sunan kifi ba shi kaɗai ba ne, ruwan da ya sha shi ne. Karfasar da muke kamawa wajen duwatsu a Tiga inda ruwan ke da zurfi da haske daban take da ta kududdufin bayan gari ko a ido, waccan jikinta haske wannan baƙi-baƙi. Abba in za ka saya ka buɗe gefen kan ka duba, jan nan ya zama ja sosai ba ruwan ƙasa ba, ido a fito ba a loɓe ba, ka danna tsokar da yatsa ta dawo, sannan ka sunsuna cikin kan, mai warin taɓo tun nan za ka ji.

Ɗan Yauri:
Ina ta karantawa har yanzu ba wanda ya ambaci ƙurungu, kai jama'a. Ƙurungu fa! Na san mummuna ne ga ƙaton kai ga ƙayoyi uku da in ya miƙe su sai su kulle, in ya soke ka kuwa hannun kwana yake yana zugi, shi ya sa muke karya su tun cikin jirgi kafin a zuba a kwando. Amma ka sa shi a tukunya da albasa da attaruhu da citta da masoro da 'yar daddawa ka bar shi ya dahu a hankali, romon da zai ba ka babu kifin da ke ba da irinsa, har danƙo yake a leɓe, ga hantarsa. Mu nan in mai jego ko mara lafiya bakinsa ya ƙi abinci farfesun ƙurungu ake fara nema. Matsalarsa ɗaya rabin kuɗinka a kai ya tafi. Akwai ma irinsa da ke iyo a rigingine cikinsa na sama, baƙo in ya gani sai ya ɗauka matacce ne.

Maman Khalifa:
Ɗan Yauri ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi wlh, ni ƙurungu da tuwon shinkafa ba na haɗa shi da komai. Amma fa a soye ba ya yi.

Ɗan Yauri:
Ba ya yi kam Maman Khalifa, na romo ne. Na soye in dai ƙanana Malam Sabo yake so to ga warangi, 'yan mitsi-mitsin nan na tafkin Kainji da ba su kai yatsa ba, a shanya a soya a barbaɗa yaji a ci da gari ko a daka a zuba a miya. Da ƙawara, ita ma in ta soyu ta yi ƙurus har kai ake cinyewa.

Issoufou Gaya:
Sallama daga Nijar. Mu nan Gaya bakin Kwara ɗaya muke sha da ku 'yan Yauri. A Yamai giwan ruwa da suke ce ma kafiten shi ne na manyan otel, tsire ma ake yi da shi, amma mu mutanen bakin ruwa in an ba mu zaɓi yauni muke ɗauka. Dogo ne sumul ba jela irin ta sauran kifi, namanshi fari mai kauri. Wahalar samu gare shi kuma da ya fito 'yan kasuwa sun saye sun yi kudu da shi don Yarbawa na ba shi daraja sosai wajen biki. Ku yi hattara da bakinshi dai in da rai, yana cizo.

Baba Sarkin Ruwa:
Yara na ga kuna ta lissafi, bari in sa baki. Na yi su tun ina bin mahaifina da gora, duk kifin nan da kuka ambata na ci shi a bakin ruwa. Kowanne da inda ya fi. Tsage namansa daɗi amma ƙayoyi masu reshe sun cika shi, sai wanda ya iya tsaga shi ƙanana-ƙanana kafin suya. Bargi a ɗanye lami ne, sai an yi bandarsa yake zama abin kirki. Faliya ma sai an yi bandarta. Gaiwa da muke haƙowa cikin busasshen taɓo da rani wasu ba sa ci sam, wasu kuma ba su da kamarta. Minjirya a feɗe fatar a dafa, kitse ne da ita. Talibambam kuwa ku bar shi, akwai dafi a jikinsa, kada yaro ya kamo ku ce a gwada.

Amma Sabo ɗana, kai nake so ka ji. Ka ce ƙarami ya fi daɗi, to a rarrabe. Akwai kifin da halittarsa ce ƙarama, ƙawara da warangi ko shekara nawa suka yi ba za su wuce haka ba. Akwai kuma jariri wanda bai yi ƙwai ko sau ɗaya ba. Yanzu zuwa kasuwa za ka ga an cika roba da 'ya'yan karfasa da 'ya'yan giwan ruwa da ba su kai yatsa biyu ba ana sayarwa a mudu, da gidan sauro aka tace su, gidan sauron da aka raba don mata masu ciki. Karfasa uwa a bakinta take goyon ƙwanta har su ƙyanƙyashe, in ka kama ta a lokacin ka buɗe bakin za ka gansu cike, mu da aka koya mana mayar da ita muke yi. Da Sarkin Ruwa ke rufe wuri ya ce ba mai shiga sai ranar da aka buɗe kuma ba wanda ya isa ya taka, yau kowa da ragarsa ta kalli mai ƙaramin ido dare da rana, ga masu zuba gubar gamalin su kashe na ci da na bari. Ina tsoron in masu kuɗin birni suka ji ana yabon ƙaramin kifi su ƙara wa masu gidan sauro kasuwa.

Malam Sabo Tiga:
Ranka ya daɗe Baba, Allah ya ƙara girma. Wadda nake nufi ta kai tafin hannun babba, irin wadda ta riga ta yi ƙwai, kuma da ƙugiya ɗaya nake kamawa ba da raga ba, duk wadda ba ta kai ba ko na ga bakinta da ƙwai ruwa take komawa. Abin gidan sauron nan mu ma yana ci mana rai a nan, wuraren da da kake zama ka cika ƙwarya kafin hantsi yanzu sai ka wuni.

Ɗan Yauri:
Baba ya faɗi gaskiya. Ko warangin da na yaba, ragar dala da ake ja a kamo shi ita ke kwaso 'ya'yan manyan kifi tare, shi ya sa lokacin aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus a tafkin Kainji a shekarun 1990 aka yi ta fama har aka hana ta. Kuma dokar kamun kifi ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki ta kuma sa iyakar idon raga, takarda dai tana nan, masu bi ne babu.

Abba Injiniya:
Malam Sabo tunda da fatsa kake yi koya mana mana, ni ina sha'awa in je Tiga ko Challawa ran Asabar da yarana. Me ake sa mata?

Malam Sabo Tiga:
Abu ne mai sauƙi Abba ba sai ka sayi sandar Turawa mai tsada ba. Sandar gora doguwa mara nauyi, zaren roba siriri, ƙugiya ƙarama sosai don bakin karfasa ƙarami ne, in ka sa babba sai dai ta yi ta cinye maka abinci tana tafiya. Ɗan guntun dalma a ƙasa, a sama kuma ka yanki tsohon silifa ka ɗaura shi ne zai nuna maka in ta taɓa. Abinci tana ce ta fi, ka haƙa inda ake wanke-wanke, in babu ka kwaɓa fulawa ko ragowar tuwo da ɗan ƙuli-ƙuli, gara ma tana so. Ka nemi gefen ciyawa ko gindin dutse ko inda itace ya nutse, ka watsa dusa hannu biyu ka zauna shiru kar inuwarka ta faɗa ruwan, karfasa akwai tsoro. In silifan ya fara rawa kar ka yi gaggawa sai ya nutse ko ya tafi gefe sannan ka ɗaga da wuyan hannu ba da ƙarfi ba. Daga asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Da sanyin hunturu ba ta cika ci ba sai rana ta yi zafi. Wanda ka kama ka zura a igiya ka bar su cikin ruwa da ransu har ka tashi. Ka fara gaida masuntan wurin su nuna maka inda ba su kafa raga ba, kuma yaran kar su matsa inda ke da zurfi don dam ba ya wasa.

Dakta Ummi:
Abba ƙari a kan wannan, yaran su tsaya a tudu kar su yi ta shiga ruwan suna wanka. Dam-dam ɗinmu da magudanan noman rani akwai tsargiya, ta fata take shiga ba ta cin kifi ba, in ka ga yaro na fitsari da jini bayan wasu makonni a kai shi asibiti akwai magani. Sannan maganar ƙaya da Hajiya ta yi, in ta maƙale a wuya ta ƙi fita a daina tura loma-lomar tuwo da ƙarfi, tana iya ƙara nutsewa, a je a cire.

Sadiq Fish Farm:
To ni duk an bar tarwaɗa a baya, ita ce fa ke riƙe da talaka. Mu da muke kiwonta wata huɗu zuwa shida ta kai kilo, da ranta take isa kasuwa saboda tana shaƙar iska, ba maganar ruɓa. Duk gidajen gashin kifi na Kano da Kaduna da Abuja da me suke yi in ba ita ba?

Hajiya Mai Kifi Haɗeja:
Sadiq ɗana sana'arka ce Allah ya sa albarka, amma kar ka haɗa tarwaɗar kiwo da ta fadama. Ta kiwo kitse ne fari da nama lagwaf, in na soya mai take ƙara min a kasko ta kuma tsuke. Ta fadama baƙa siririya namanta a tsaye.

Sadiq Fish Farm:
Hajiya ya danganta da mai kiwon ne, wanda ke ba su kayan cikin kaji da mushe ba ya canza ruwa dole ta yi ƙarni. Ni kwana biyu kafin in sayar nake tsayar da abinci in sake musu ruwa, ki gwada irin wannan. Kuma a wanke yauƙin da ruwan zafi ko toka ko gishiri kafin a yanka.

Mahamat na Njamena:
Mu a Chadi in ana maganar ƙaramin kifi salanga ce, dangin ƙawara, a tsaga a shanya a rana, ita ce miyar gidan kowa. Babba kuma banda ake yi da shi. Ni a wurina tarwaɗa ba a soye ko a gashe take kai ƙarshen daɗinta ba, sai ta sha hayaƙi an naɗe ta ta bushe, a ɓare a zuba a miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa.

Modu Baga Road:
Mahamat ka gama magana. Bandar Doron Baga har Onitsha da Enugu da Legas ake lodinta a kwali tun kafin a haife mu, shekarun da rikici ya hana su a tafkin Chadi kowa ya ji a miyarsa. Sai dai in ja kunnen masu saye, wasu marasa tsoron Allah na fesa maganin ƙwari irin su Sniper don kar tsutsa ta ci musu kaya. Bandar da ka ga ƙuda ko ɗaya ba ya sauka a kai alhali na maƙwabcinsa ana kora, ko ka ji wari mai hawa kai ba na hayaƙi ba, ka wuce. Ko mai kyau ce a jiƙa ta a ruwan zafi da gishiri a zubar kafin a sa a miya.

Nura Minesota:
Ina gaida iyaye da yayye. Abin Malam Sabo ya ba ni sha'awa don nan Amurka ma wannan gardamar suke yi. Akwai ƙananan kifin tafki, bluegill da crappie, girmansu ɗaya da karfasar da yake faɗa, da tana yara ke kama su, da hunturu ma huda ƙanƙara ake a zauna a kai ana fatsa. Mutanen jihar nan walleye suke ɗauka sarki, amma da yawa cikin tsofaffin masu kamun za su ce maka bluegill ya fi zaƙi. Su yanke tsokar gefe biyu suke su zubar da kai da ƙashi su tsoma a garin masara su soya, ni kuwa gaba ɗaya nake soyawa da yajin da aka aiko min daga gida. Ba ka kamu sai da lasisi kuma akwai adadin da ba za ka wuce ba a rana, jami'ai na dubawa. Wanda aka ciro daga ruwan sanyin nan ba ya warin taɓo ko kaɗan, ya yi daidai da bayanin Dakta.

Bakabe Ɗan Matan Fada:
Su zubar da kai? Subhanallah, ai nan daɗin ya ke. Ni dai har yanzu ina nan kan giwan ruwa, sai ragon ruwan Hajiya na biyu.

Maman Khalifa:
Hajiya don Allah kafin a watse, ni karfasa kullum kama min kasko take ta farfashe, me nake yi ba daidai ba?

Hajiya Mai Kifi Haɗeja:
'Yata ruwa ne da gaggawa. In kin wanke ki sa gishiri ki jera a kwando ta tsane sosai, ko ki goge da tsumma mai tsafta. Man ya yi yawan da zai kai rabin kifin kuma ya yi zafi har in kin jefa yankan albasa ya taso nan take. Kar ki cika kaskon, uku sun isa. In kin sa kar ki taɓa, ki bar ta sai gefen ya yi ja ita da kanta za ta saki kaskon, sannan ki juya sau ɗaya tak. Tafarnuwa da citta a cikin tsagar za ki cusa, yajin ƙuli kuma sai an kwashe don a mai ƙonewa yake ya yi ɗaci.

Abba Injiniya:
Malam Sabo na tura maka saƙo ta inbos kan maganar Asabar ɗin, ƙugiyar lamba nawa zan ce a ba ni a kasuwa?

Malam Sabo Tiga:
Lambar na bambanta daga kamfani zuwa kamfani, ka ce musu ta karfasa kawai sun sani, ka ɗauko kamar goma don dutse na cinye wasu. Tanar ka bari zan haƙo, kai dai ku iso kafin gari ya waye sosai.